Banis na teburin girki

Banis na teburin girki wani ruwa ne garai-garai da ake shafawa a kan teburin da aka yi wa fenti, domin ya kare fentin daga ruwa, mai da gogewa, ya kuma hana ɓarɓashinsa shiga abinci. Idan ya bushe yakan zama siririyar fata mai ƙarfi wadda ake ganin launin fentin ta cikinta. Ana cewa banis ya dace da abinci ne idan, bayan ya gama ƙamewa, ba ya sakin wani sinadari mai cutarwa a cikin abin da aka ɗora masa.

Ire-irensa

Shalak: ana samun sa daga ƙaron da wani ƙwaro ke fitarwa a jikin itatuwa a Indiya da Tailan, sai a narka shi da sifirit. Ana amfani da shi wajen ƙyalƙyala alawa da ƙwayoyin magani, kuma lambarsa a jerin sinadaran abinci na Turai ita ce E904. Rauninsa shi ne ba ya jure zafi da sabulu mai ƙarfi.

Foliyuritan: ya fi shalak jure ruwa da gogewa. Akwai mai haɗin ruwa, wanda ba ya canja launin fenti, akwai kuma mai haɗin mai, wanda ke komawa rawaya a hankali. Yana bushewa a hannu cikin sa'o'i, amma cikakkiyar ƙamewarsa kan ɗauki kusan kwana 30.

Efoksi: ruwa biyu ne da ake haɗawa bisa ma'auni. Yana da kauri da ƙyalli, sai dai idan aka kuskure ma'aunin ba zai ƙame sosai ba. Yawancinsa ana yin sa ne da sinadarin BPA, wanda Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a mafi yawan kayan da ke taɓa abinci a ƙarshen shekarar 2024.

Kakin zuma da mai: waɗannan sun dace da itacen da ba shi da fenti, domin suna shiga cikinsa ne. A kan fenti ba sa yin wata kariya mai ɗorewa.

Haɗarin dalma

Babban haɗari yakan kasance a cikin fentin da ke ƙasa. An daɗe ana sa dalma a fenti mai haɗin mai, musamman rawaya da ja. Amurka ta hana irin wannan fenti a gidaje tun 1978, kuma ma'aunin da Majalisar Ɗinkin Duniya ke ba ƙasashe shawara a kai shi ne kada dalma ta wuce kashi 90 cikin miliyan.

Dalma tana lalata ƙwaƙwalwar yara, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani adadinta a jiki da aka san ba ya cutarwa. Arewacin Najeriya ya ga illarta a 2010, lokacin da yara fiye da 400 suka rasu a Jihar Zamfara. A can ƙurar duwatsun zinariya ce ta jawo gubar, amma dalmar da ke cikin ɓarɓashin fenti ita ma ta baki take shiga. Banis yana rufe irin wannan fenti na ɗan lokaci ne kawai. Da zarar wuƙa ta yanka shi, fentin ya bayyana. Goge tsohon fenti a bushe kuma yana tayar da ƙura mai guba.

A Batsari da Safana

A waɗannan ƙananan hukumomi biyu na yammacin Jihar Katsina, yawancin girki a murhu ake yin sa, da tukunya, turmi, ƙwarya da akushi, waɗanda ba sa buƙatar fenti. Inda batun ya fi tasowa shi ne teburan masu shayi, masu tsire da masu sayar da abinci, da kuma kantocin ɗakin girki na sababbin gidaje.

Yanayin yankin yana shafar aikin. A hunturu ƙura kan manne wa ɗanyen banis, a damina kuma laima kan jinkirta bushewarsa. Baƙin man mota da wasu ke shafa wa katako saboda gara bai dace da teburin abinci ba ko kaɗan.

Yadda ake zaɓa

Ana fara duba ko an rubuta a jikin gwangwanin fenti cewa babu dalma, sannan a duba ko banis ɗin an yi shi ne don wurin da abinci ke taɓawa. Banis mai haɗin ruwa ya fi kama fenti mai haɗin ruwa, don haka ake gwadawa a ɗan gefe tukuna. Ana shafa shi siriri sau biyu ko uku a wuri mai iska, ana barin kowane shafi ya bushe. Muddin ana jin warinsa, bai gama ƙamewa ba.

Ko bayan ya ƙame, ba a yanka nama ko albasa a kansa kai tsaye, ba a kuma ɗora masa tukunya mai zafi. Ana amfani da katakon yanka ko faranti. Teburin da ake yawan yanka a kai, kamar na mahauci, ya fi dacewa a bar shi ba fenti, ko a lulluɓe shi da ƙarfen da ba ya tsatsa.