Ko Kun Sani? Mudu, Yadi da Kilo a Kasuwar Mubi

Dokar awo da ma'auni ta Najeriya, wadda aka kafa a 1974, ta sanya kilo, lita da mita a matsayin ma'aunin ciniki na hukuma. Sashen Awo da Ma'auni na Ma'aikatar Masana'antu, Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya ne ke duba sikeli da famfunan gidajen mai.

Duk da haka, mai cefane daga unguwar Nassarawo da ya shiga kasuwar Mubi, da mudu za a auna masa masara da wake, da gwangwanin madara kuma a auna masa gyaɗa. Mudu cika yake aunawa, ba ya auna nauyi, shi ya sa ake sa ido a kan tsororuwa da gindin kwanon, ko an bubbuge shi ya shige ciki.

Ma'aunin Turawan mulkin mallaka ma bai ɓace ba. Turmin atamfa yadi 6 ne, wato kusan mita 5 da rabi. Galan ɗin Ingila kuwa lita 4.5 ne da ɗan ɗoriya. A Kamaru, maƙwabciyar Mubi, kilo da lita ne ma'aunin hukuma.

A Ingila kanta, doka ta wajabta rubuta farashin kayan abinci da kilo ko lita. Ana iya ƙara na laba a gefe, muddin bai fi na kilo fitowa ba. A 2001 kotu ta sami Steve Thoburn, wani mai kayan gwari a Sunderland, da laifi saboda auna ayaba da sikelin laba zalla.