Babi na Tara: Yis da Danginsa

Yis ba gari ba ne, ba kuma sinadari ba ne. Na gaji da jin mutane, har da masu gidan burodi da suka shekara da shekaru a sana'ar, suna haɗa shi layi ɗaya da bekin foda da kanwa. Bekin foda haɗin sinadarai ne, da ruwa da zafi suka taɓa shi sai ya saki iska, aikinsa ya ƙare. Yis kuwa halitta ce mai rai, ɗan uwan naman kaza, ƙwaya ɗaya tal, mai ci, mai hayayyafa, mai mutuwa. Ya ci sukari, ya fitar da iskar kabon da ɗan barasa. Iskar ce ke kumbura kwaɓin fanke da ƙullun waina, barasar kuma akasarinta zafin wuta ke korewa. Shi ya sa kwaɓi ke tashi da wuri a watan bazara, ya yi nawa da hunturu. Sanyi ne ya kama mai aikin.

Wanda ya fahimci wannan ba zai yi mamakin jin cewa akwai kamfanoni a Amurka da ba su da wata sana'a sai kiwon yis da sayar da shi da ransa, cikin ruwa, a jaka mai sanyi ba. Cikin masu sayensa akwai masu dafa giyar sha'ir da ta tuffa a gidajensu; dafa giyar sha'ir a gida dokar tarayyar ƙasar ta halatta shi a 1978, zamanin Shugaba Jimmy Carter. Giya haramun ce ga Musulmi, babu gardama a nan. Amma da yawa daga abin da duniya ta sani game da yis daga tukunyar masu giya aka samo shi, kuma mai neman ilimin ba shi da hanyar da zai bi ya kauce musu.

Louis Pasteur na Faransa ya nuna tun wajen 1857 cewa halittu masu rai ne ke sa abu ya yi tsami ya tashi. Sai dai ni gwarzon labarin nan a wurina Emil Christian Hansen ne, mai bincike a ɗakin gwaje-gwajen kamfanin Carlsberg da ke Kofanhagen, a Denmak. A lokacinsa kowane mai dafa giya yana ɗibar dusar da ta kwanta a gindin tukunyar jiya ya zuba a ta yau, kamar yadda masu burukutu da pito ke yi har gobe a tsakiyar Najeriya da arewacin Gana. Wani lokaci abin ya yi kyau, wani lokaci ya fito da ɗaci da wari, ba wanda ya san dalili. Da matsalar ta faɗa wa Carlsberg a 1883, Hansen ya duba ya ga ashe dusar nan taron dangi ce, akwai yis na gari, akwai na daji da ya shigo ba a gayyace shi ba. Sai ya dinga sirka ta da ruwa, yana ƙara sirkawa, yana leƙawa ta madubin ƙara girma, har ya ware ƙwaya ɗaya tak. Ya ba ta abinci a kwalba mai tsabta ta haifi miliyoyi, dukansu jini ɗaya. Abin da ya fi burge ni shi ne mai kamfanin, J. C. Jacobsen, bai rufe wannan iri a akwati ba. Ya bar sauran masana'antu, har da abokan gogayyarsa, suka zo suka ɗiba. Duk wata jakar yis mai lamba da ake sayarwa yau daga wannan dabara ta samo tushe.

Kalmar lamba ɗin nan ita ce zuciyar cinikin. Bunaji da Rahaji da Bokolo duk shanu ne, amma makiyayi ya san ba halinsu ɗaya ba, haka ma yis. Wani iri yana cinye sukari ƙaf, wani ya bar saura. Wani ya bar ƙamshin ayaba da kanumfari, kamar na giyar alkama ta Jamus, wani bai barin komai. Kamfanin Wyeast na jihar Oregon, wanda aka kafa a 1986, da White Labs na San Diego, wanda Chris White ya kafa a 1995, su ne tsofaffin kasuwar, kowanne da gomman iri a ajiye. Wyeast ya yi suna da jakarsa mai wata 'yar jaka a ciki ɗauke da abincin yis. Mai saye zai ɗora ta a tafin hannu ya kai mata mari, ta cikin ta fashe, ya ajiye. Bayan 'yan sa'o'i idan jakar ta kumbura ta yi tam, ya san abin da ya saya yana da rai. Daga baya Omega na Chicago da Imperial na Portland suka shigo, Imperial yana tallan ƙwayoyi biliyan 200 a jaka, ninkin biliyan 100 da aka saba.

Masu sha'awar abin suna ɓata lokaci wajen musun wane kamfani ya fi, kuma galibin musun ba shi da tushe. Lamba 1056 ta Wyeast da WLP001 ta White Labs dangin juna ne na kusa, ana danganta su da iri guda da ya yi suna a Kalifoniya. Abin da ya kamata a duba shi ne ranar da aka cika jakar da kuma zafin da ta sha a hanya. Yis na ruwa yana raguwa kullum ko a cikin firiji, 'yan watanni kawai yake yi. Masu giyar tuffa ma da yawansu ba su damu da shi ba, busasshen yis na giyar inabi ya ishe su.

Ga kuma wani kuskuren: wai busasshen yis matacce ne, ko kuma na ƙasa ne. Barci yake yi. An zare masa ruwa ne a hankali, da ya ji ɗumi da laima sai ya farka. Kamfanin Lesaffre na Faransa ya fito da nau'in da ake zubawa kai tsaye cikin fulawa a 1973, kuma irinsa ne ke cikin fakitin da masu burodi ke saye a kasuwanninmu. Ba ma Turawan masana'anta ne suka fara busar da shi ba. Manoman yammacin Norwe sun daɗe suna tsoma zoben katako cikin kumfar tukunya su rataye ya bushe har sai buƙata ta taso. Irin nasu, da suke kira kveik, yana aiki lafiya a zafin da ya kusa digiri 40, inda yawancin yis na giya zai ɓata ɗanɗano. Omega da White Labs duk suna sayar da shi yanzu.

A ƙasar da zafi ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba ta da tabbas, busasshen yis ya fi na ruwa nesa ba kusa ba, domin fakitin da ba a buɗe ba yana kai shekara biyu. Idan an buɗe, a ɗaure bakinsa sosai a ajiye a wuri mai sanyi, kuma a jiƙa shi da ruwa mai ɗumi wanda yatsa zai jure, don ruwan da ya kai digiri 60 kashe shi yake yi.