Guzurin Mai Zuwa Ganin Likitan Zuciya

Wani falken goro ɗan Minna, mazaunin Agege, ya yi wata uku zuciyarsa tana yi masa gardama: wani lokaci ta yi ta sukuwa, wani lokaci ta tsallake bugu ɗaya. Ya ɗauka faɗuwar gaba ce irin ta kasuwa. Da ya je gida ganin iyali, likita ya taɓa wuyan hannunsa, nan take ya rubuta masa takarda zuwa ga likitan zuciya. Ran da aka sa masa kuwa sai zuciya ta kwanta lumui. Aka tambaye shi magungunan da yake sha, ya ce, "Likita, wasu ƙwayoyi ne farare, na baro su a Ikko."

Irin wannan yakan sami 'yan Arewa mazauna Kudu, domin ciwo yana farawa a wani gari, ana neman maganinsa a wani. Dalilin da ya sa shiri ya zama wajibi shi ne, awon nan na ECG yana ɗaukar bugun zuciya na 'yan daƙiƙu ne kurum. In zuciya ba ta rikice a lokacin ba, takarda za ta iya fitowa ƙalau. Saura sai abin da mara lafiya ya faɗa.

Saboda haka, tun kafin ranar, mutum ya sami ɗan littafi ya riƙa rubuta ranar da abin ya taso, da minti nawa ya yi, da abin da yake yi a lokacin, da ko ya zo da jiri, ko haki, ko kumburin ƙafa. Ya koyi ƙirga bugun jijiyar hannunsa. Na babban mutum yana hutawa daga 60 ne zuwa 100 a minti guda. Wanda ba ya rubutu ya sa ɗansa.

Har ila yau, ya tattara takardun awo na Kudu, da kwalayen magungunan kemis, har da jiƙo da tsimi. Ya faɗi gaskiyar yawan goro da taba da shayin da yake sha, da ko akwai hawan jini ko ciwon suga, da ko wani a zuriyarsu ya taɓa mutuwar fuju'a.

Mai yiwuwa likita ya rataya masa 'yar na'urar Holter ta kwana guda, ko ya nemi hoton zuciya da awon jini. A tambayi inda za a yi su, ko a Minna, kamar Asibitin Ƙwararru na IBB, ko sai an dangana da Bida, ko Gwagwalada, ko Shika. Watau kada a yi alkawarin komawa kasuwa washegari.

Abin ba na wasa ba ne. Akwai irin rikicewar bugun da ke tara gudan jini a zuciya, wadda ke ninka haɗarin shanyewar ɓarin jiki kamar sau biyar, alhali kuwa akwai maganin da ke tare wannan. Wanda ya suma ko ƙirjinsa ya riƙe, kada ya jira rana ko ya hau motar Minna. Ya nufi asibiti mafi kusa.

Falken nan dai sai da yaronsa ya karanto sunayen ƙwayoyin ta waya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. In bai nuna ba, magini sai lalube.