Kafin Ka Sayi Tuba, Ka Fara Jin Muryarta

Da ɗan yayata ya ce mini ƙungiyarsu na neman tuba, sai na ce Alhamdulillahi, yaro ya shiryu. Ashe ba tubar komawa ga Allah yake nufi ba, katon kahon nan na tagulla yake nufi, wanda ke ba da murya mai kauri a badujala. Iyayen yaran sun yi karo-karo, suka damƙa mini kuɗin, ni kuwa ban san komai a kanta ba.

Wani mai kayan gwanjo a nan Kumasi ya nuna mini wata, ya rantse ƙirar Jamus ce, ya tsuga kuɗi. Kuɗin jama'a amana ne, don haka na ɗauko wani dattijo, tsohon ɗan badujalar 'yan sanda.

Bawul ɗin ya fara dubawa. Ya ce masu juyawa ne, waɗanda ake taɓa 'yan faifai da yatsu su murɗa, irin na Jamus da ƙasar Cek. Na Ingila galibi masu nutsewa ne. A Balin ma aka yi wa tuba rajista a 1835, da sunan Wieprecht da Moritz.

"Baba, ke nan ta Jamus ce?"

"Yi haƙuri ɗana, mu fara jin muryarta."

Ya bayyana mini cewa tuba iri huɗu ce, kuma tsawon bututun ne ke yanke hukunci. In aka miƙe shi, na B♭ ƙafa 18 ne, na C 16, na E♭ 13, na F kuma 12. Yaranmu sun koyi sa yatsu a kan B♭, in aka kawo musu C sai sun sake koyo daga farko.

Sai ya busa ba tare da taɓa ko bawul ɗaya ba, ni kuma ina riƙe da waya mai manhajar auna sauti. Ta nuna B♭, sai F, sai B♭, sai D. Ya ce shi ke nan, da C ce, da mun ga C, G, C, E.

Saura maƙeri. Ya gargaɗe ni cewa sunan da ke bakin kaho ba kullum na maƙeri ba ne, domin masana'antu kan zana sunan shagon da ya yi oda. A duba lambar da aka buga kusa da bawul, da murafansu, da sunan ƙasa. Miraphone da Alexander da B&S na Jamus ne. Ya goge dattin da tsumma, sai ga Červený, masana'antar da aka kafa a 1842 a Hradec Králové, ga kuma "Czechoslovakia" a ƙasa. Ƙasar nan ta rabu biyu tun farkon 1993, wato kahon ya haura shekara 30.

Mai kaya ya sosa ƙeya, ya rage kuɗi. Muka saya, domin tuba ce mai kyau. Ragowar kuɗin muka sayi man bawul, muka mayar wa iyaye canjinsu.