Gidajen baje kolin fasaha masu zaman kansu a Ghana da ƙudurin dokar neman jinsi

Wanda ya shigo Ghana ta iyakar Paga, idan ya yi tafiyar kusan kilomita 200 kudu, zai isa Tamale, inda mai fasaha Ibrahim Mahama ya buɗe cibiyar SCCA a 2019, sannan Red Clay a 2020. Da kuɗin ayyukansa da ake saye a ƙasashen waje ya gina su. Abin da ake nufi da gidan baje koli mai zaman kansa ke nan: mai gida ne ke zaɓar abin da za a rataya a bango, ba ma'aikatar gwamnati ba.

Wannan 'yancin ne ya ba wasu damar taɓo rayuwar masu neman jinsi ɗaya. A Kumasi, Va-Bene Elikem Fiatsi, wadda aka haifa namiji amma take rayuwa a matsayin mace, ta kafa masaukin masu fasaha na perfocraZe. Shi kuwa mai ɗaukar hoto Eric Gyamfi, a jerin hotunansa "Just Like Us", ya nuna irin waɗannan mutane cikin harkokinsu na yau da kullum.

Sai dai a ranar 28 ga Fabrairun 2024 majalisar dokokin Ghana ta amince da ƙudurin da ya tanadi ɗaurin da ya kai shekara uku ga mai neman jinsi, da shekara biyar ga wanda ya tallata ko ya ɗauki nauyin harkar. Manyan shugabannin Musulmi da na Kirista sun mara masa baya, suna cewa kariya ce ga addini da iyali. Shugaba Akufo-Addo ya sauka a Janairun 2025 bai sa hannu ba, amma 'yan majalisa suka sake gabatar da shi.

Abin da ke damun masu gidajen shi ne kalmar tallatawa. Idan kotu ta ɗauki rataya hoto a matsayin talla, hukuncin zai iya shafar mai zane, da mai gida, da wanda ya ba da kuɗi.

Ko ba sabuwar doka ma, matsin lamba kan rufe ƙofa. A Dakar a 2014, cibiyar Raw Material Company ta Koyo Kouoh ta rufe wani baje koli kan wannan batu bayan an kai wa gininta hari.

Don haka matashin Bawku, Yendi ko Salaga da ke koyon zane, yana da kyau ya bi yadda za a fassara wannan kalma, domin ita za ta shata iyakar abin da zai iya nunawa.