Ƙwan Fitila a Ɗakin Karatu

Hadda tana da muhallinta, kuma a allo muka gaje ta. Amma ƴaƴanmu na firamare suna haddace darasin lantarki ba su taɓa riƙe waya ba.

A 2002 Carl Wieman, wanda ya sami kyautar Nobel a 2001, ya kafa PhET a Jami'ar Kolorado ta Amurka. Gwaje-gwajen kimiyya ne kyauta a intanet, har da Faransanci. Yaro ya haɗa batir da waya a kwamfuta, ƙwai ya kama. Ya zare waya guda, ya mutu. Ana sauke su a yi aiki babu intanet, kwamfuta ɗaya a ɗakin karatu ta isa farawa.

Mu iyaye kuwa mu tara tsofaffin tocila mu miƙa wa malamai, yara su maimaita gwajin da hannunsu.