Tsakanin Kebbe Da Sakkwato: Nisan Mai Ciwon Ƙoda Da Likitansa

Kawuna manomi ne a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Kebbe. Shekara biyu ya yi yana fama da ciwon kai da kasala, duk ranar kasuwa ya biya wajen mai kyamis a ƙulla masa ƙwayoyin kashe zafin ciwo a leda, ya kora da jiƙo. Ba wanda ya taɓa ɗaura masa abin awon hawan jini a dantse. Sai da ƙafafunsa suka kumbura, fitsari ya ragu, sannan muka kai shi Tambuwal, daga can aka tura mu Sakkwato. Likita ta dubi takardar gwaji, ta ce: "Baba, hawan jini ya daɗe yana cin ƙodarka." Kawu ya rantse shi bai taɓa jin ciwo a kwiɓinsa ba. Gaskiya ya faɗa. Ƙoda a ɓoye take lalacewa, kafin ta yi ƙara ɓarna ta riga ta yi nisa.

Da ido na ga aikin da ake yi a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma yabon gwani ya zama dole. Akwai cibiya ta musamman mai kula da cututtukan ƙoda da mafitsara, inda ake jinya, ake bincike, ake horar da likitoci. A watan Fabrairun 2025 aka yi dashen ƙoda na farko a wannan asibiti, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Isma'ila Mungadi. A Boston ta Amurka an yi irinsa tun 1954, Asibitin Malam Aminu Kano kuwa ya fara a 2002. Mun makara, amma mun iso.

Sai dai dashe na wanda ya sami mai ba shi ƙoda ne, kuma yake da kuɗin magungunan da zai sha muddin rai don kada jiki ya ƙi baƙuwar. Saura wankin ƙoda ne rabonsu: awa huɗu a jikin na'ura, sau uku a mako in za a bi ƙa'ida. Mai karatu ya lissafa wa Bakebbe kuɗin mota zuwa Tambuwal, sannan ta Shagari da Bodinga har birni, da na mai rakiya, da abinci, kafin a zo kuɗin wankin kansa. Gwamnatin tarayya ta sanar a 2025 cewa ta rage kuɗin daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Madalla, amma direban tasha bai ji wannan sanarwa ba. Mu dai shanun huɗa muka fara sayarwa, fadama ta biyo baya, wankin ya koma sau ɗaya a mako.

Roƙona ga malaman wannan cibiya shi ne su fito da ɗalibansu ƙauye. Yankinmu kansa ɗakin bincike ne. Manomi yana yini a ranar bazara, zafi ya haura digiri 40, ruwan shansa ɗan gora. Yaranmu masu wanka a tafki suna fitsarin jini, a ce tsargiya ce za ta wuce, alhali tana iya toshe hanyar fitsari ta kassara ƙoda. A Gashuwa ta jihar Yobe yawan masu cutar ya sa masana suka duƙufa neman musabbabinta. Mu wa ya ƙidaya namu?

Awon hawan jini, da na suga, da ɗan tsinken da ake tsomawa a fitsari don gano furotin, duk ma'aikacin lafiya na asibitin sha-ka-tafi zai iya su in an koya masa, an kuma ba shi kayan aiki.

Kawu ya rasu bayan wata bakwai, Allah Ya jiƙansa. Bayan addu'ar bakwai na tasa babban ɗansa gaba muka je aka auna shi. Shekararsa 34, kuma jininsa ya riga ya hau.